Wata lamba ta hana ƙanwata barci: mu toshe ta ko mu kai ƙara?

Maman Sadik: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo, tun jiya nake rubutawa ina sharewa. Ƙanwata da ke zaune wurina nan Bukoki a Yamai, wadda ke shirin jarrabawar bak bana, yau kwana 12 ke nan wani ya sa ta gaba a waya. Abin ya faro daga wata manhaja da ƴan ajinsu ke yayi, NGL, wadda ake sa wa a shafi mutane su riƙa turo magana ba tare da an san ko su wane ne ba. Da farko yabo ne da wasan yara. Sai wani ya rubuto mata cewa ya gan ta ranar Asabar gidan biki da lufaya ruwan toka. Kuma ita ta sa. Kwana biyu bayan nan sai ga shi a WhatsApp da lambar da ba ta sani ba, babu hoto, babu suna. Ya ɗauki hoton da ta sa a furofil, ya haɗa fuskarta da jikin wata mata tsirara, ya ce ko ta turo jika 50 ko ya aika wa Baba a Tawa da gurup ɗin ajinsu.

Ba ita ta gaya mini ba. Daren shekaranjiya na tashi shan ruwa wajen ƙarfe 3, na iske ta zaune a ƙasa cikin madafa, ta kife wayar kan tabarma, wayar na ta ɓari ita kuma ta ƙura mata ido ba ta taɓa ta ba. Sai da na dafa kafaɗarta ta fashe da kuka. Littattafanta sun fi mako a rufe, abinci sai ta tsakura ta ture.

Ban san ta inda zan fara ba. Mu toshe lambar? Mu biya a rabu lafiya? Ko mu je wajen hukuma? Baba kuma bai sani ba, kuma kun san halin iyayenmu.

Ibro: Wa alaikumus salam Anti. Ki bloke shi yanzun nan, ki goge manhajar, ki saya mata sabon pis. In bai ga wurin shiga ba zai gaji ya tafi.

Abdu mai gyaran waya: Ibro tsaya. Maman Sadik, don Allah kada ku goge komai tukuna, ko harafi ɗaya. Ina zaune a shago ana kawo mini irin wannan, kuma kusan kullum sai an riga an share komai don haushi, sannan a zo ana tambayata ko zan iya dawo da shi. Galibi ba ya dawowa.

Ki ɗauki wayar yau, ki yi kaptin kowane saƙo tun daga na farko, yadda ranar da awa za su fito. Ki buɗe bayanin lambar ki yi kaptinsa, lambar ta fito cikakkiya har da abin da ta fara da shi, +227 ne ko wata ƙasa. In ya turo bokal kada ki share. A cikin hirar akwai wurin da aka rubuta «Exporter la discussion», ki fitar da rubutun hirar, ban da hotuna, ki tura wa imel ɗinki. Ni har cewa nake a ɗauki wata wayar a yi wa allon bidiyo ana jan hirar daga sama har ƙasa, saboda mutumin zai iya goge saƙonninsa daga ɓangarensa, ko ya turo hoton gani-sau-ɗaya wanda ba ya yin kapti. In ya ba da lambar da za a tura kuɗin ko sunan da za a karɓa da shi, wannan ma ki adana, sau da yawa ya fi lambar WhatsApp ɗin amfani.

Sai kin gama wannan duka za ki taɓa «Signaler», wato kai rahotonsa ga WhatsApp. In kin yi, saƙonni 5 na ƙarshe ne ke zuwa wurin kamfanin su duba. Ki kula da akwatin da ke ƙasa, kada ki danna abin da zai share hirar. Kuɗi kuma, ko dala kada ku ba shi.

Alhaji Ɗan Ader: Ni hwa gaskiya ɗaya gare ni. Mi ya kai ɗiya mace sa hotonta inda kowa ka gani? Mi ya kai ta buɗe ƙohwa ta ce kowa ya hwaɗa mata abin da shike so? Lokacin da munka tashi ba mu san wagga masiba ba. Ku amshe salular, ta tsaya ga karatunta. In ƙuda bai ga zaƙi ba ba shi sauka.

Madam Hawa: Alhaji, da girmanka da komai, ban yarda da wannan magana ba. Shekara 16 ina koyarwa a lise, kuma abin da ka faɗa yanzu shi ne ainihin abin da ke sa yaran nan yin shiru har abu ya ɓaci. Yarinya ta san in ta buɗe baki, abu na farko a ƙwace waya, na biyu a ce ita ta jawo, na uku wataƙila a cire ta daga lakwal. To wa za ta gaya wa? Shi mai yi mata barazanar ya san haka sarai, da shi yake cin kasuwarsa. Ba hoton ba ne makaminsa, tsoron da take yi wa gidansu ne.

Na taɓa samun ɗaliba da ta koma kujerar baya ta daina ɗaga hannu, yarinyar da ada ita ke fara amsa tambaya. Wata uku ina zaton rashin lafiya ce. Ashe kuɗin abincin rana da na taksi take tarawa tana tura wa wani da bai taɓa nuna fuskarsa ba, tana takowa a ƙasa daga gida. Ranar da ta gaya mini, abin da ta fara roƙona shi ne kada in gaya wa mamanta.

Kuma hoton furofil ne fa, da lufayarta a jiki. Ni ma nawa yana nan, na matan gurup ɗin nan da yawa yana nan.

Alhaji Ɗan Ader: Madam ban ce yarinyar ta yi alhwasha ba. Na ce rigakahi ya hi magani.

Hajiya Inna (mai kula da gurup): Rigakafi na da ranarsa Alhaji, yau ciwo ya riga ya kama. Ina roƙon kowa abu biyu. Kada wanda ya tambayi sunan yarinyar ko makarantarsu, kuma kada wanda ya bi Maman Sadik ta gefe ya ce ta turo masa hoton ya gani. Wanda na ji ya fitar da maganar nan waje, zan cire shi, ko wane ne.

Rakiya: Ban taɓa faɗa wa kowa a nan ba, amma yau zan faɗa saboda maganar biya. Yaya Maman Sadik, ni na biya. Shekara biyu ke nan. Nawa ta Facebook ya biyo, da shafi mai hoton fure da sunan mace. Mun yi wata guda muna gaisawa kamar ƙawaye, har na tura hotunan sunan ɗana, ɗaya ba ɗankwali a kaina. Daga nan murya ta sauya. Ya ce jika 30. Na tura, na ce na huta. Kwana 9 ya dawo ya ce 50. Na sayar da zoben da uwata ta ba ni ranar aurena. Da ya dawo karo na uku ba ni da abin sayarwa, sai na gaya wa maigidana, ina rawar jiki ina jiran takardata. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce abin da ya ƙona masa rai shi ne zoben, da yadda na kwana biyu ina ɗauke da wannan ni kaɗai a ɗaki ɗaya da shi.

Maganar hukuma kuma zan faɗi gaskiya kada ki je ki sha mamaki. Karon farko ni kaɗai na je wani ofis, ba takarda ba komai, sai waya a hannu. Wanda na iske ya tambaye ni me ya sa na amsa wa wanda ban sani ba, ya ce in toshe shi kawai. Na fito ina kuka a bakin titi. Karo na biyu muka koma da maigidana da kaptin duka an buga a takarda, an jera bisa kwanan wata, da rasidin kuɗin da na tura. Ranar aka zaunar da mu aka rubuta. Ba a kama shi ba, don lambar da ya karɓi kuɗin da katin wani tsoho aka yi mata rajista. Amma tun ranar da maigidana ya sani, barazanarsa ta zama banza. Ya turo sau biyu, ba a kula shi ba, ya ɓace.

Maman Sadik: Allahu akbar. Rakiya Allah ya saka miki, na san ba ƙaramin abu ba ne ki faɗi wannan gaban mutane. Wallahi da safen nan na ƙirga kuɗin adashina na ce ko in ba shi kawai.

Rakiya: Kada ki yi Yaya. Wanda ya ga kin biya sau ɗaya ya samu gona.

Zara: Ina aiki a ofishin lauya, bari in faɗi abin da doka ta ce. Muna da dokar yaƙi da laifuffukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019. Ta hukunta ɓata suna da zagi ta hanyar sadarwar zamani, da yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam, da yi wa mutum barazanar tona asiri don a karɓi kuɗinsa. A 2022 an cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi aka bar tara, amma a watan Yuni 2024 an maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Saboda haka abin da ake yi wa yarinyar nan laifi ne mai suna a doka, ba rigimar yara ba ce.

Inda za ku je: komisariya ko jandarmari mafi kusa za su iya karɓar ƙara, amma a nan Yamai ƴan sandan PJ, masu binciken laifuffuka, suna da sashe na musamman kan laifuffukan intanet, can ya fi. Za ku iya kuma rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Yamai. Rashin sanin sunansa ba ya hana komai, ana shigar da ƙara a kan wanda ba a sani ba, abin da ake cewa «plainte contre X». Su ne ke da ikon rubuta wa kamfanin waya, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, ya ba da sunan da aka yi wa lambar rajista da shi. Ke da kanki in kin je kamfanin ba za su ba ki ba, kuma daidai ne, don doka ce ta hana su.

Tambaya ɗaya mai muhimmanci: shekarunta nawa?

Maman Sadik: 17, sai watan Disamba za ta cika 18.

Zara: To wannan ya ƙara wa laifin nauyi sosai, don hoton batsa na wadda ba ta kai 18 ba ne, kuma ki faɗi shekarunta tun a bakin ƙofa. Ƴan sanda suna da sashen kare yara da mata, za a iya haɗa ku da su. Ki je da takardar haihuwarta da katinki. Sannan ina jan kunnen kowa: hoton nan kada a tura wa kowa, ko da niyyar neman shawara, ko ga ni, ko ga Abdu. Kada ma a buga shi a takarda a shagon kwamfuta. Ya zauna cikin wayar, a nuna wa mai bincike kawai. Wanda ya tura shi gaba, ko da yana cewa "ku ga abin da aka yi wa ƴar mutane", shi ma ya shiga cikin masu yaɗawa.

Ibro: Anti Zara, ni dokar nan labarin da nake ji a kanta shi ne an kama ɗan jarida ko wani ya yi rubutu kan gwamnati. Talaka kamar mu za a tsaya a bi masa lamba? Kuma in lambar ta waje ce fa? Abokina an yi masa irin haka da +234, har yau shiru.

Zara: Maganarka ta farko akwai gaskiya a ciki, an yi ta muhawara kan yadda ake amfani da dokar, ƙungiyoyin ƴan jarida sun yi ta kuka da ita. Amma wannan ba dalili ba ne mu bar wa masu cin zarafin yara fili. Ba zan yi wa Maman Sadik alkawarin za a kama shi ba, ka ji abin da ya faru da Rakiya. Abin da na sani shi ne ƙarar da ba a shigar ba babu mai bin ta. Kuma in gobe hoton ya fita, takardar ƙarar da ke hannunku mai kwanan wata ita ce shaidar cewa yarinyar nan zalunta aka yi, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Abdu mai gyaran waya: Ibro, masu yin wannan daga nesa suna nan da yawa, ba ƙarya. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, da kansa ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu irin wannan sana'a. Waɗannan in lambar waje ce, kamawa da wuya, sai dai a toshe a kai rahoto. Amma ka sake karanta saƙon farko. Mutumin ya san launin lufayarta ranar Asabar. Ya san mahaifinta yana Tawa. Ya san akwai gurup ɗin aji. Ya samu lambarta cikin kwana biyu. Wannan ba daga wata ƙasa yake ba, yana cikin waɗanda ke ganin shafinta. Maman Sadik, lambar da me ta fara?

Maman Sadik: +227 ce.

Abdu mai gyaran waya: To kin gani. Ku zauna da ita a hankali, ba da faɗa ba, ta tuna su wa suka je bikin, su wa ke da lambarta, ko akwai wanda ya neme ta ta ƙi shi. Ku rubuta a takarda ku kai wa mai bincike. Amma kada ku tunkari kowa da kanku, kada a je a ɗora wa ɗan mutane laifin da bai yi ba, ko mai laifin ya ji ƙishin-ƙishin ya jefar da pis.

Ita manhajar kuma, iyaye ku san ta. A ciki akwai wurin da ake cewa ka biya kuɗi a ba ka alamar wanda ya turo saƙo. Kada ta biya, ba sa ba da suna. A 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin ya biya dalar Amurka miliyan 5, ta hana shi ba ƴan ƙasa da shekara 18 manhajar, don an gano har saƙonnin ƙarya suke turo wa yara da kansu don su ɗauka mutane ne. Kafin ita an yi Sarahah, aka cire ta daga shagunan manhaja a 2018 saboda cin zarafi. An yi Omegle mai haɗa ka hira da baƙo ta bidiyo, ya rufe a Nuwamba 2023 bayan shekara 14. Ana rufe ɗaya wata na fitowa da sabon suna.

Abu na ƙarshe. Tunda ba ta kai 18 ba, akwai shafin da ake kira Take It Down, na wata cibiyar kare yara ta Amurka, kyauta ne. Ba a tura musu hoton, wayar ce ke fitar da wata lamba daga jikinsa kamar zanen yatsa, lambar kaɗai ke tafiya. In wani ya so sa hoton a Facebook ko Instagram ko TikTok sai a gane shi a cire. Na manya shi ne StopNCII. Sai dai ba ya aiki cikin hirar WhatsApp, don ita a kulle take, kamfanin ma ba ya ganin abin da ke ciki.

Madam Hawa: Shi ya sa gurup ɗin aji ke damuna. Maman Sadik, ki samu shugaban makarantar ko wata malama da kika yarda da ita, ki gaya mata a asirce cewa akwai hoton ƙarya da ake barazana da shi kuma an kai ƙara. In ya faɗo cikin gurup, malamai su riga yara magana.

Alhaji Ɗan Ader: To in anka bincika anka iske ɗan gida ne hwa? Ko ɗan maƙwabci? Ku kai shi kaso ku ɓata zumunta? Ni ina ganin in an gane shi a kira iyayenshi, a ja mishi kunne, a ruhe magana. Kotu tona asiri ce. Yau kun je PJ, gobe duk Tawa ta ji, kuma mutane ba su tambaya ko hoton na gaskiya ne.

Rakiya: Alhaji, wanda ya zauna ya haɗa fuskar yarinya da tsiraici shi ya ɓata zumunta, ba wadda ta kai ƙara ba. In an ja masa kunne a zaure ya ba da haƙuri, hoton yana nan cikin wayarsa. Kuma ƙanwar wa zai koma wa gobe?

Malam Sani: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Alhaji, damuwarka kan surutun mutane gaskiya ce, mun san garinmu. Amma mu sa kowane abu a wurinsa. Rufin asirin da addini ya yi umarni da shi, a nan haƙƙin yarinyar ne. Ba mayafi ba ne da za a lulluɓa wa wanda ke cikin aikata zalunci har yanzu. A Suratun Nur Allah ya yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace mai kamun kai da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, kuma a cikin surar ya yi gargaɗin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu tsakanin muminai. Wanda ya ƙirƙiri hoto ya fi mai faɗa da baki, don ya ƙera wa ƙaryarsa shaida. In an gano shi, iyalin yarinyar na da damar yin afuwa in sun ga dama, amma afuwa tana zuwa ne bayan an tsayar da ɓarna, an san abin da ke cikin wayarsa, an san ko akwai wasu yaran.

Maganar mahaifinta kuma, Maman Sadik ƴata, ku riga azzalumin isa wurinsa. Labari ɗaya ne, amma jin sa daga bakinki daban yake da ganinsa a waya daga lambar da bai sani ba.

Maman Sadik: Malam abin da nake tsoro ke nan. Da ƙyar Baba ya yarda ta zo Yamai karatu, sai da kawunmu ya sa baki. In ya ji, cewa zai yi a sa ta mota gobe ta koma Tawa, saura wata huɗu bak. Ita ma abin da take ta maimaitawa ke nan, "Yaya karatuna."

Hajiya Inna (mai kula da gurup): To kawun nan da ya sa baki da farko, shi za ki fara kira. Ki gaya masa komai, ki ce hoton haɗi ne, ga ainihin hoton da lufayarta, kuma kuna kan hanyar hukuma. Shi ya je ya samu mahaifinku ido da ido bayan sallar isha, ba ta waya ba. Namiji in ya ji cewa an riga an tashi tsaye kan magana, ransa ya fi kwanciya da a kawo masa ita ɗanya.

Alhaji Ɗan Ader: Har yanzu ni ban ga amfanin wagga manhaja ga yara ba, kuma ba ni canza magana. Amma cire yarinya daga lakwal saboda aikin wani ɗan banza, wanga ba daidai ba ne. Maman Sadik, in mahaihinku wanda nike zato ne, mun yi zaman kasuwa tare. In kawunku ya tahi, ki hwaɗa mini, ni ma in kira shi in ƙara mishi ƙarhi.

Ibro: Ni dai na janye maganar gogewa. Amma Abdu, bayan an yi kaptin, a bar shi ya ci gaba da turo mata? Yarinyar ba ta barci fa.

Abdu mai gyaran waya: A'a, ba ita za ta riƙa gani ba. Maman Sadik ta riƙe wayar, ba don horo ba, kuma ta gaya mata haka a fili. Ta ba ta wata ko ƙarama ce ta riƙa kiran ƙawayenta. A rufe ƙarar hirar, kada a amsa masa ko da zagi, kada a ce masa an je hukuma. In an je gobe a tambayi mai binciken ko a toshe ko a bari, shi zai faɗa. Sauran gyara kuma kowa a nan ya yi wa ƴaƴansa yau: hoton furofil a sa sai waɗanda ke cikin lambobinka, sa mutum a gurup shi ma haka, a kunna rufe kiran baƙuwar lamba, a sa lambar sirri ta mataki biyu. Duka suna cikin saitin WhatsApp, minti biyar ne.

Maman Sadik: Salam ƴan uwa, ga inda aka kwana. Jiya da dare mun yi kaptin duka, 64 suka kama, da bokal uku. Yau da safe muka je, ni da ita da maigidana. Mun jira kusan awa biyu, amma an saurare mu, wata mace ce ta yi mata tambayoyi, kuma ba ta ɗaga mata murya ba. Sun duba wayar, sun rubuta lambar da wadda ya ce a tura kuɗin, sun ce kada mu toshe shi tukuna, mu koma ranar Litinin.

Kawu ya je wurin Baba. Baba ya kira ni bayan asuba, ya yi faɗa sosai, yawanci a kaina, wai me ya sa kwana 12 ban lura ba. Na yi shiru don yana da gaskiya. Daga baya ya ce a ba shi ita. Ban ji abin da ya ce mata ba, na dai ga tana share hawaye tana cewa "to Baba, to Baba." Maganar komawa Tawa ya ce a bari sai ya zo da kansa ranar Juma'a, saboda haka ban ce ta wuce ba. Alhaji, yanzu ne kiranka zai yi amfani.

Mutumin ya sake turowa da rana, ya ce saura kwana biyu. Na yi kapti na ajiye wayar cikin kwaba. Ita kuma ta ci tuwo da dare, ta ɗauko littafin lissafi ta buɗe, ko da ban ga ta juya shafi ba.

Alhaji Ɗan Ader: Turo mini lambarshi ta gehe. Bayan la'asar in sha Allah.

Hajiya Inna (mai kula da gurup): Tun jiya mutum uku sun same ni ta gefe da irin wannan matsala, ɗaya ma ɗanta namiji ne ake yi wa. Ba zan faɗi ko su wa ba. Zara, Abdu, in kun yarda zan ba su lambobinku ɗaya bayan ɗaya.

Zara: Na yarda Hajiya, amma su kira bayan ƙarfe 6, lokacin na tashi daga aiki. Maman Sadik, Litinin zan same ku a bakin ƙofa ƙarfe 8. Ki zo da wayar cike da caji, da takardar da suka ba ku yau, da sunayen waɗanda suka je bikin.